Daga Zauren Fatoma Zuwa Otal: Tarihin Gidan Baƙinmu na Sabon Shagamu

Jawabin da ɗaya daga cikin jikokin gidan, ɗan kasuwar goro, ya gabatar a taron ƙungiya



Ranka ya daɗe Sarkin Hausawa, Allah ya ja zamaninka. Allah ya gafarta malamanmu. Shugaban ƙungiya da 'yan kwamitinsa, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa 'yan kasuwa, da samarin da ke tsaye can baya, muna gaida kowa da kowa.

Bayan godiya ga Allah da salati ga Manzonsa, shugaba ne ya nemi gidanmu ya ba da tarihin masaukin nan namu da kowa ke kira otal. Ba sai mun faɗi sunansa ba, don da wuya a sami wanda ke zaune a nan da bai taɓa shan shayi a ƙofarsa ba, ko bai taɓa kai baƙonsa can ba. Da farko mun so mu noƙe, saboda mu ba malaman tarihi ba ne, 'yan goro ne, karatunmu bai wuce na allo da Islamiyya ba. Amma da muka zauna da yayyenmu da ƙannenmu sai muka ga gara a ji daga bakinmu, tunda maganar sayar da gidan ta riga ta fita, ana ta yi da mu a tasha da bakin masallaci. Wanda ya ji rabi, to yau ga sauran.

Asalinmu Agalawa ne daga ƙasar Bebeji ta Kano. Yaran yanzu da yawa ba su ma taɓa jin wannan suna ba. A zamanin fatauci, jama'a uku ne suka yi fice wajen ɗauko goro daga Gwanja: Agalawa, da Tokarawa, da Kambarin Barebari waɗanda cibiyarsu take Gummi. Marigayi Alhassan Dantata ma Ba'agale ne, a Bebeji aka haife shi cikin 1877, kuma da goro ya fara tun kafin gyaɗa. Ba wai muna jingina kanmu da arzikinsa ba ne, a'a. Kakanninmu iyakar ƙarfinsu jakuna biyar zuwa goma. Amma dai hanya ɗaya aka bi.

Hanyar kuwa ba ta wasa ba ce. Ayari zai tashi daga Kano da kanwa da tufafi da fatu, da madugunsa da jagabansa, a ƙetare Kwara ta wajen Yawuri ko Busa, a ratsa ƙasar Bargu, a bi ta Sansanin Mango da Yandi, sannan a sauka Salaga, cikin ƙasar Gana ta yau. Watanni ake shafewa kafin a ga gida. To a duk babban zangon da aka sauka akwai mutumin da ake kira fatoma, wasu su ce maigida. A nan muke so jama'a su saurara da kyau, don wannan mutumin shi ne tushen otal ɗinmu.

Fatoma ba ya karɓar kuɗin ɗaki. Ko anini. Baƙo ya zo da kayansa, za a ba shi wurin kwana, a ba shi tuwon dare, a ajiye masa kaya a inda ruwa da ɓarawo ba za su taɓa ba. Maigida ne zai haɗa shi da dillali, shi zai faɗa masa wane ne mai biya wane ne mai taurin bashi, shi zai tsaya lamuni in an ɗauki kaya ba a biya nan take ba. In mai saye ya gudu, maigida ne zai biya daga aljihunsa. In baƙo ya yi ciwo, shi zai nemo magani. In ya rasu, shi zai yi masa sutura ya aika wa danginsa da abin da ya bari. To ina ribarsa? La'ada. Daga cinikin da aka ƙulla a zaurensa yake samun ɗan abin da ake yankawa. Kun ga ke nan ɗaki ba haja ba ne a wurinsa, hanyar jawo baƙo ne. Hajarsa ita ce yarda.

Wannan tsari ba na gidanmu kaɗai ba ne. Haka yake a Sabon Badun, wanda aka kafa cikin 1916. Har wani malamin jami'a daga Ingila mai suna Abner Cohen ya zo ya zauna a can a farkon shekarun 1960 yana duba yadda masu gidajen goro da na shanu ke tafiyar da al'amarinsu, ya fitar da littafi a kai cikin 1969. Wato abin da kakanninmu ke yi a kan buzu da tabarma, shi ake karantawa a jami'a, mu kuma jikokinsu muna neman mantawa.

Me ya kawo mu Kurmi maimakon Gwanja? Abu uku ne suka haɗu. Yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga cikin 1892. Sannan aka soma ɗauko goro ta jirgin ruwa daga gaɓar Gana zuwa Ikko, kuma da layin dogo ya isa Kano cikin 1911 sai jaki ya rasa aiki, tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. Daga baya kuma manoman ƙasar Yarabawa suka kama shuka irin goron nan da mutanenmu ke so, tun daga wajajen Agege da Ota har abin ya bazu zuwa ƙasar Remo. Har yau ku saurari yadda Yarabawa ke kiransa: gbanja. Gwanja ke nan, don su bambanta shi da nasu na asali, abata. Da goro ya matso, sai masu goro suka biyo shi.

Kakanmu ya sauka Kurmi yana saurayi, tun kafin yaƙin Hitila. Bai zo da jari ba. Yaron wani maigida ne a Agege, aikinsa ɗaurin huhu da rakiyar kaya zuwa tashar jirgi. Da maigidan ya ga yaron yana da riƙon amana sai ya riƙa turo shi nan Shagamu da kuɗi ya sayo goro a hannun matan ƙauyuka. Shagamu ba ta kan layin dogo, har yau ma ba ta kai, saboda haka duk huhun da aka ɗaure sai an yi dakonsa zuwa inda jirgi yake. Da zirga-zirga ta yi yawa sai ya ga gara ya zauna. Ya nemi izinin maigidansa, aka sa masa albarka, ya kama ɗaki ɗaya a hannun wani manomin goro, mutumin Remo.

Wannan manomi shi ne ya zama kakanmu na ɗaya ɓangaren. Akwai waɗanda ba su san haka ba, kuma akwai daga cikin yaranmu masu jin nauyin a faɗa. Mu ba ma jin nauyi. Kakarmu Bayarabiya ce, 'yar wannan gari, ubanta Musulmi. Ita ce ke ɓare goro tana wankewa tana sayar wa kakanmu, daga ciniki abu ya zama aure. Uban nata ne ya auna musu filin da gidan yake a kai yanzu, ya nuna da sanda ya ce daga bishiyar can zuwa waccan. Babu takarda, babu safiyo. Abin da kakanmu ke bayarwa duk shekara shi ne rago da babbar Sallah da turmin atamfa, a matsayin abin da Yarabawa ke kira ishakole, wato ɗan abin da mai zama a ƙasar wani yake kai wa mai ƙasa don kada a manta da asali. Ku riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

Ginin farko na ƙasa ne: zaure babba, ɗakuna huɗu a jere, da rumfar goro a baya inda rana ba ta bugawa. Mun tarar da rumfar da idonmu. Sanyi gare ta kamar bakin rijiya, ga ƙamshin ganyen fita, ga kwanduna jibge har sama. Wanda bai yi sana'ar ba yana zaton goro abu ne mai jimiri. Ina! Goro kamar jinjiri yake. Sai an shimfiɗa masa ganye, a yayyafa ruwa daidai gwargwado, a riƙa kwancewa ana dubawa ana tsince mai sankara, don in aka bar guda ɗaya sai ya lalata kwando. A ware fari a ware ja, a ware marsa, a ƙirga ƙwarya-ƙwarya, ɗari-ɗari ke nan. Wanda ya iya ajiya har goronsa ya zama daushe, shi ke cin kasuwa bayan kaka ta wuce. Duk masu saƙar kwando da tukar igiya da kuke gani a garin nan, albarkacin goro suke ci.

A harkar goro aikin maigida ya ɗan bambanta da na masu shanu. Mai shanu kaya yake kawowa a sayar masa. Mai goro kuwa kuɗi yake kawowa, ko ya aiko da su daga Kano ko Sakkwato ko Gusau ko Nguru, a saya masa, a ɗaure, a aika. Sau da yawa mai kuɗin bai taɓa ganin Shagamu ba. Saboda haka kuɗin mutane ne ke kwana a gidan kakanmu, cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin gadonsa. Yana da littafi mai bangon fata da yake rubuta komai da ajami: wane ɗan wane, mutumin gari kaza, ya ajiye fam kaza da sule kaza. In an biya sai ya ja layi a kai. Littafin nan yana hannunmu har yanzu.

Amma in za a faɗi gaskiya, rabin gidan nan kakarmu ce da kishiyoyinta suka riƙe shi. Lokacin kakar goro, daga ƙarshen damina zuwa tsakiyar hunturu, baƙi kan kai ashirin a dare ɗaya, wasu a zaure wasu a rumfa. Kowa sai ya ci tuwo. Ita da aka haifa a kan amala da eba, ta koyi tuƙa tuwon dawa da kaɗa miyar kuka har baƙi na cewa ba su ci irinsa ba tun da suka bar gida. Ita ce kuma tafinta tsakanin kakanmu da matan ƙauye, ita ta san wadda ke cusa ruɓaɓɓe a ƙasan kwando. Ba a rubuta sunanta a littafin ba ko sau ɗaya. Allah ya jiƙansu duka, ya sa Aljanna ce makomarsu.

Bari mu ba ku labari ɗaya daga littafin. Wani mutumin ƙasar Katsina ya bar fam talatin a hannun kakanmu, ya ce zai je gida ya dawo bayan Sallah. Bai dawo ba. Aka aika wasiƙa, shiru. Kakanmu ya rasu, ajiyar ta koma hannun mahaifinmu, a ƙulle cikin tsumma da sunan mai ita. Da aka canja kuɗi a farkon 1973, fam ɗaya ya zama naira biyu, mahaifinmu ya ɗauki ƙullin nan daban ya kai banki, ya karɓo naira sittin, ya sake ƙullewa. Sai bayan wasu shekaru ga wani direba ya sauka, ana hira a zaure ya ambaci sunan ubansa da garinsu. Mahaifinmu ya yi masa tambayoyi, ya tashi ya shiga ciki ya fito da littafi da ƙulli. Ashe uban ya rasu a hanya tun wancan lokaci, iyalinsa ba su ma san da kuɗin ba. Muna yara a lokacin, amma mun ga ƙaton mutum yana kuka kamar ƙaramin yaro. Bayan wannan, duk direban da ya fito daga yankinsu a gidanmu yake sauka.

To yaushe zaure ya zama otal? A zamanin mahaifinmu ne, kuma ba da son ransa ba. Cikin 1976 aka ƙirƙiro jihar Ogun. Cikin 1978 aka buɗe babbar hanyar Ikko zuwa Badun, a shekarar ne kuma kamfanin siminti na Shagamu ya fara aiki. Ga kuma hanyar da ta tashi daga nan ta nufi Ore da Binin. Garin ya zama mararraba. Sai ga wasu irin baƙi da gidan bai saba da su ba: direbobin tirela da na tanka, da yaran mota, da masu jiran lodin siminti. Hausawa ne 'yan'uwanmu, sun ji an ce akwai gidan da ake saukar baƙi, sun zo. Amma ba su zo sayen goro ba. Babu ciniki, babu la'ada, ga tuwo ana ci ga ruwa ana wanka. Mahaifinmu ya yi shekara biyu yana ɗauka, har ya ga jarinsa na goro yana narkewa a tukunya.

Ranar da ya ce zai sa wa ɗaki kuɗi, an yi rigima a gidan nan. Ƙanen kakanmu, wanda ke da rai a lokacin, ya ce wannan abin kunya ne, ɗan fatoma ya sayar da wurin kwana kamar ba jinin Agalawa ba. Wasu dattawan Sabo kuma abin da ya dame su shi ne sunan. Kun san a kunnen Bahaushe, musamman a wancan zamani, in an ce otal to giya da matan banza ake nufi. Har aka kai maganar gaban liman. Abin da aka tsayar shi ne wannan: za a karɓi kuɗin ɗaki a hannun wanda ba ciniki ya kawo shi ba, giya ba za ta shiga gidan ba, mace da namiji ba za su kwana ɗaki ɗaya ba sai an san aurensu, sannan zaure da ɗakin da ke kusa da shi za su zauna kyauta ga duk baƙon da ya sauka ba shi da ko sisi, har kwana uku, kamar yadda muka koya a makaranta game da haƙƙin baƙo. A kan wannan sharaɗi aka rushe ginin ƙasa aka yi na bulo, daga baya aka ɗora bene, ɗakuna suka zama goma sha huɗu, aka buga wa kowace ƙofa lamba. Aka karɓo lasin, duba-gari suka zo suka duba, aka kafa allo da Turanci. Ƙanen kakanmu har ya rasu bai taɓa hawa benen ba. A zaure yake zama.

Mu da muka yi wa gidan hidima muna samari, mu muka ga bambancin. A da in baƙo ya sauka, tambayar farko ita ce ɗan wane ne kai, wa ya aiko ka. Bayan an buga lamba, tambayar ta koma kwana nawa za ka yi. Kuɗi sun shigo, ba ma musu, da su aka yi mana aure, da su aka kai iyayenmu mata Makka. Amma mun soma kwana da mutanen da ba mu san asalinsu ba. Sau biyu 'yan sanda suna kwashe mu saboda kayan sata da wani baƙo ya shigo da su, abin da bai taɓa faruwa ba a zamanin da ɗaki yake kyauta.

Ba za mu tsallake watan Yuli na 1999 ba, ko da yake ba daɗin tunawa gare shi ba. Kowa a nan ya san yadda rikici ya tashi lokacin bikin Oro, aka rasa rayuka da dukiya a garin nan, sannan abin ya je ya yi amo a Kano, can ma aka rasa waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kiyaye gaba. Abin da za mu faɗa game da gidanmu shi ne, a daren da abin ya yi tsanani mutum ya fi ɗari a ciki, mata da yara har kan matakalar bene. Waɗanda suka tsaya a ƙofa kuwa dangin kakarmu ne, jikokin manomin nan, Yarabawa. Suka ce wannan gidan 'yar'uwarmu ne, mai son shiga sai ya bi ta kanmu. Ragon Sallah da turmin atamfa na shekara da shekaru, a daren nan muka san darajarsu. Shi ya sa in muka ji yaro yana zagin ƙabila gaba ɗaya a teburin mai shayi, mukan kira shi gefe.

Abin da rikici bai yi wa gidan ba, wayar hannu ta yi masa. Tun da ta shigo cikin 2001, sannan aka zo ana tura kuɗi ta banki, mai goro a Kano ba shi da dalilin saukowa. Zai buga waya, a nuna masa kaya a hoto, ya turo kuɗi, a yi lodi. Akwatin ƙarfe ya zama wurin ajiye tsofaffin rasit. Direbobi kuma yawancinsu a mota suke kwana yanzu, masu hali su tafi sababbin otal-otal masu na'urar sanyaya ɗaki. Ga kuɗin man janareto, musamman tun da aka cire tallafin mai cikin 2023. A farkon shekarar 2023 ma, lokacin ƙarancin takardun naira da har aka ƙona bankuna a garin nan, mun yi makonni baƙo na son biya ba shi da abin biya a hannu. Yau in an kama ɗaki biyar cikin sha huɗu, mun gode Allah. Wanda ba ya rabuwa da mutum shi ne ɗakin kyauta: almajiri, mai neman aiki, wanda aka yashe a mota, matar da ta kawo mara lafiya asibitin koyarwa ba ta san kowa ba.

Yanzu ga inda ake ciki, kuma a nan za mu fara da laifin kanmu. Mahaifinmu ya rasu fiye da shekara goma, ba mu raba gado ba. Mu manyan maza muka ci gaba da riƙe gidan muna cewa ai na kowa ne. Amma mu ke karɓar kuɗi, 'yan'uwanmu mata da ke aure a Kano da Zariya da Agege sai abin da muka ga dama muka aika. Wasu daga cikin magadan ma sun rasu, nasu magadan sun shigo, yanzu mun haura mutum ashirin. Da wani mai kuɗi ya zo ya taya gidan, zai rushe ya gina shaguna, ƙannenmu mata suka ce a sayar a ba kowa haƙƙinsa. Mun ji ana cewa wai sun yi butulci. Wallahi ba su yi ba. Haƙƙinsu ne da Allah ya ba su, mu ne muka jinkirta. Akwai wadda mijinta ya rasu ya bar ta da marayu biyar a gidan haya. Ba za mu ce mata ta ci tarihi ba.

Sai dai sayarwar ma ba ta da sauƙin da ake zato. Kun tuna mun ce filin da sanda aka nuna shi. Dokar ƙasa ta 1978 ta mayar da ikon filaye hannun gwamnan jiha, masu wayo suka je suka nemi takardar shaidar mallaka, mahaifinmu bai je ba. Cewa ya yi surukansa ne shaidarsa. To surukan da suka san maganar duk sun kwanta dama. Jikokinsu mutanen kirki ne, mun faɗi abin da suka yi mana, amma da suka ji zancen sayarwa sun aiko cewa kakansu ya ba 'yarsa wurin zama ne da saukar baƙi, bai ba da don a sayar wa bare ba. In muka duba da idon adalci, maganarsu ba ta rasa tushe ba, don ragon da muke kaiwa duk shekara shi kansa shaida ne. Wannan ya sa muke roƙon duk mai gida a Sabo da ke zaune a kan alkawarin baka, ya je ya zauna da masu ƙasa tun ana ga-maciji... a'a, tun ana shiri muke nufi, tun tsofaffin da suka shaida suna da rai, a rubuta, a sa hannu, a kai inda ya kamata. Mu mun yi sakaci, ga shi muna biyan loya.

Sannan akwai maganar zaure da ɗakin kyauta. Mahaifinmu ya sha faɗa a gaban mutane cewa ko bayan ransa kada a rufe su. Shin wannan wasiyya ce ko wakafi ne ko kuwa fata ce kawai ta uba? In wasiyya ce, mun san ba ta wuce sulusin dukiya. Wasu daga cikinmu na ganin a yi wa gidan kuɗi, masu hali a cikin magada su sayi rabon masu son fita, a yanke zaure da ɗakin nan a yi musu takardar wakafi a hannun ƙungiya. Wasu na ganin ƙarfinmu bai kai ba. Ba mu gama daidaitawa ba, kuma ba za mu ɓoye muku cewa akwai waɗanda ba sa gaisawa a cikinmu saboda wannan ba. Shi ya sa muke roƙon Sarki, ranka ya daɗe, da malamai, a ba mu mutum uku ko huɗu masu gaskiya waɗanda ba su da rabo a ciki, su zauna da mu da dangin kakarmu.

Abu na ƙarshe shi ne ainihin abin da ya sa muka yarda mu tsaya a gabanku. Da muka ɗauko littafin kakanmu don shirya wannan jawabi, muka bi shi shafi-shafi tare da wani malami mai karanta tsohon ajami, sai muka tarar da suna biyu da ba a ja musu layi ba. Ɗaya mutumin ƙasar Gumel ne, ya ajiye fam arba'in. Ɗayan an rubuta shi da laƙabi kawai da sunan maigidansa na Agege, fam goma sha biyu da sule goma. Mun duba akwatin, babu ƙulli da sunansu. Malamai sun san cewa ajiyar mutane da bashi ake fara fitarwa kafin magaji ya taɓa ko ƙwandala. Fam arba'in naira tamanin ce a lissafin 1973, yau kuwa da ƙyar ta sayi goro guda, alhali a ranar da aka ajiye ta huhuhu take saye. Da wane ma'auni za mu biya? Wannan tambaya mun miƙa ta ga malamanmu, Allah ya gafarta muku, muna jiran amsa.

Ba za mu karanta sunayen a bainar jama'a ba, kada a sami masu da'awar ƙarya. Littafin zai kasance a hannun sakataren ƙungiya daga gobe har ƙarshen wata. Duk dattijon da ya yi zamani da kakanmu ko mahaifinmu, ko wanda iyayensa suka yi harkar goro tsakanin Gumel da Agege da nan, don Allah ya daure ya je bayan la'asar a karanta masa, ko Allah zai sa ya gane mutanen ko zuriyarsu. Wanda ba ya iya tafiya, a faɗa mana, za mu kawo masa littafin har gida.